Ranar da Na Kashe Inji a Gangaren Kwarin Marke

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Larabar nan ba, kuma ko na so in manta, mutanen garinmu ba za su bar ni ba. Shekaru sun shuɗe, abin ya daina ƙona mini rai, har ina iya ba da labarin kamar a kan wata ya faru. To amma ba wata ba ce, ni ce dai, da hankalina, da takardar shaidar aikin ungozoma, da lasisin tuƙina sabo fil a cikin jaka.

A shekarun da man fetur ya yi tashin gwauron zabo ne, lokacin da motocin haya suka ɗauke ƙafa daga hanyoyin ƙauye, masu babura kuma suka koma sai sun ga dama. Ina aure a wani gari a ƙasar Bagwai, cikin gidan iyayen mijina, aikina kuwa yana wani ƙaramin asibiti can wajen Kunci. Kullum sai na fita bakin hanya da sassafe, in na dace in samu mota, in ban dace ba in hau kan buhuna a bayan akori-kura, in sauka in nemi babur. Sau uku ina isa in tarar mace ta riga ta haihu a hannun mai shara. A na ukun shugabar asibitin ta kira ni ofis, ta rufe ƙofa, ta ce ba ta son ta kai ƙarata sama, amma in aka ci gaba a haka ba ita za ta yi magana ba, takarda ce za ta yi. Ban ga laifinta ba. Matan da ke zuwa wurinmu ba ruwansu da tsadar mai, naƙuda kawai suka sani.

Ana cikin haka aka canja wa yayana wurin aiki zuwa kudu, ya ce ba zai ja motarsa har can ba, in riƙe ta. Dama shi ya koya mini tuƙi tun ina makarantar koyon aikin lafiya a birni. 'Yar ƙaramar mota ce ruwan toka, gajeren hanci, ba wutsiya, ƙofa huɗu sai ta baya mai ɗagawa sama. Daga waje sai ka raina ta, in ka shiga kuma ka ga mutum biyar sun zauna ba mai danne wani. Ba ta da kuloci, ita ke canja giya da kanta. Sitiyarinta da ɗan yatsa ake juya shi. Mai kuwa ba shansa take ba, lasa take yi, wanda a wancan zamanin shi ne babban kyawun mota. Ta zo da littafinta a aljihun gaba, ni kuma (halina ne, ko maganin sauro na saya sai na karanta takardar da ke ciki) na zauna na karance shi tas. Abokan aikina biyu da ke kan hanyata suka ce za mu riƙa haɗa mai. Komai ya yi daidai, saura abu ɗaya.

Maigidana yana aiki a wani shagon kayan gini a birni, sai ƙarshen mako yake dawowa. Da na gaya masa sai ya sosa ƙeya ya ce shi ba shi da ta cewa, amma sai Baba ya yarda. Baba shi ne surukina. Tsohon direban motar kasuwa ne, ya yi shekara talatin yana jigilar hatsi da gyaɗa tsakanin kasuwannin ƙauye da birni, har ido ya fara ba shi matsala ya koma gona. Ba shi da yawan magana. Shekara shida ina gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba, daga nesa nake durƙusawa in gaishe shi. Sunansa kuwa ko da wasa ban taɓa kamawa ba. Akwai mai kayan miya da ke zuwa ƙofar gida, sunansu ɗaya, shi ma “mai sunan Baba” nake ce masa.

Ƙanwar Baba, Goggo Hansai, wadda gidanta ke jikin namu, ita ta fara yanke hukunci tun ba a tambaye ta ba. “Mace da sitiyari? A garin nan? Gobe kuma sai ta ce ita za ta riƙa kai shanu kasuwa.” Inna, uwar mijina, ta dai ci gaba da tsince wakenta. Baba ya fito ya zagaya motar sau biyu, ya taka taya, ya ƙwanƙwasa jikinta da yatsa, ya ce, “Gwangwani.” Can da ya kai ƙofar zaure sai ya ce wa Inna, ba ni ba, “Ranar Laraba ake sunan ɗan Rabi. Ta kai mu. In na ga hannunta zan yi magana.” Rabi ƙanwar mijina ce, tana aure a wani ƙauye da ake ce wa Kwarin Marke. Wato dai an sa mini ranar jarrabawa, kuma aikina ne a kan layi, don in Baba ya ce a'a, na san ba zan ƙara wata biyu a asibitin nan ba.

Na nemi izinin yini guda a wurin aiki. Na wanke motar har da tayoyi. Maigidana ya ce shi daga birni zai wuce kai tsaye (ya san abin da yake yi, bai iso ba sai da rana ta take). Da gari ya waye Inna da Goggo suka shiga baya da ƙullin kayan barka a cinya. Ina tsammanin Baba zai nemi wani ya zauna tsakaninmu ko ya ce a yi wata dabara, sai kawai na ga ya tattara babbar rigarsa ya buɗe ƙofar gaba ya zauna kusa da ni. Tun da nake ban taɓa matsowa kusa da shi haka ba. Na ja mayafina na rufe gefen fuskar da ke wajensa, na ga ba na ganin madubi, na sake buɗewa.

Muna tashi motar ta fara kuka, ɗin-ɗin-ɗin. Baba ya ce, “Mene ne wannan?” Na ce wa sitiyari, “Bel take nema, Baba.” Ya ce, “Shekara talatin ban ɗaure kaina da igiya ba, sai yau?” Na ci gaba da tuƙina. Motar ba ta san surukuta ba, sai ma ta ƙara sauri da kukan. Mun kusa fita gari Inna ta ce, “Malam, don girman Allah ka ɗaura, kaina ya fara sarawa.” Ya ja tsaki, ya jawo bel ɗin ya ɗora kan rigar da aka sha wahalar bugu, ya danna. Motar ta yi shiru. Ni kuma a raina na ce an ci ɗaya.

Daga nan kai ya fara kumbura. Tunda ba zan iya yi wa Baba bayani kai tsaye ba, sai na riƙa yi wa Inna ta cikin madubi, da ƙarfi yadda zai ji. Na ce, “Inna, kin ga motar nan, in aka yi karo akwai jakar iska da ke fitowa daga sitiyari da nan gaban Baba, ta tare mutum. Birkinta kuma ko a kan tsakuwa aka taka ba ya jan taya. Ƙofofin bayan ma akwai makullin yara, na sa shi saboda Ummi, ba sa buɗuwa ta ciki.” Ummi 'yata ce, ranar tana makaranta. Goggo ta ce, “To mu yara ne da za ki kulle mu?” Na ce, “A'a Goggo, tsaro ne.” Na ci gaba da zuba kamar ni na ƙera ta. Yanzu in na tuna, ba abin da ya fi ba ni haushi kamar wannan wa'azin, don duk abin da ya biyo baya ya same ni ne ina matsayin wadda ta san komai.

Gaskiya tuƙin ya yi kyau. Tsakiyar damina ce, gero ya fara fitar da kai, hanya 'yar siririya, gona dama gona hagu, ba ko taku ɗaya da aka bari ba shuka. A irin wannan hanyar in ka kauce kaɗan, kunyar gyaɗar wani ka hau, kuma mai ita yana nan tsaye da fartanya yana kallonka. Na kashe na'urar sanyi don tattalin mai, na sauke gilasai duka. Na bi ramuka a hankali. Muka haɗu da amalanken shanu a wani matsattsen wuri, na ja gefe har madubina yana shafar shinge, muka wuce ba wanda ya taɓa wani. Da babbar mota ce da ba ta wuce wurin ba. Sai na ji Baba ya ce, can ƙasa-ƙasa, “Ba laifi.” Wanda bai san shi ba ba zai gane ba, amma mijina ya ce tun da aka haife shi sau biyu ya taɓa jin wannan kalmar daga bakinsa. Na ji daɗi har cikin ƙashina.

Kafin a shiga Kwarin Marke akwai wani dogon gangare da ya miƙe har bakin rafi. Garin yana can ƙasa, hanya ta yi kwana a daidai bakinsa sannan ta hau wani ɗan siririn kwalbati. Muna kaiwa saman tudun, Baba, wanda tun da muka taso idonsa ke kan allurar mai, ya ɗaga hannu ya ce, “Sa ta a firi ki kashe inji. Gangare ba ya cin mai.”

Bari in tsaya nan in faɗi gaskiya, don nan ne duk maganar take. Na san ba a yi. Ba zato nake ba, sani na yi. A littafin an zagaye gargaɗin da baƙin layi, yayana ma ya ja mini kunne a kai. Motocin su Baba, ƙarfin ƙafarka ne birki, ƙarfin damtsenka ne sitiyari, ko inji yana aiki ko ba ya yi duk ɗaya ne. Wannan kuwa inji ne ke ara wa birki da sitiyari ƙarfi, in ka kashe shi ka kashe su. Jakar iskar da na gama yi wa Inna talla ma barci take yi in an murɗa makulli. Duk wannan yana bakina, a jere, da Hausa mai kyau. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “To, Baba.”

Ta yaya za ki ce wa surukinki a'a, ranar da yake gwada ki, a kan sana'arsa ta shekara talatin, gaban matarsa da ƙanwarsa? A lokacin kowane direba haka yake yi a kowane gangare, har masu babura, don mai ya zama abin da ya zama. Na ce a raina ai ɗan gangare ne, Allah zai kiyaye. Kuma (tunda na ce gaskiya zan faɗa) ina kwaɗayin “ba laifi” ta biyu. Na tura giya firi, na murɗa makulli baya.

Da farko abin har daɗi. Motar ta yi tsit, sai ƙarar tsakuwa ƙarƙashin taya, ana jiyo dakan mata daga cikin gari. Baba ya gyaɗa kai, ya gyara zama. Goggo ma ta ce, “Yauwa, yanzu aka yi tuƙi.” Da gudu ya ɗan ƙaru na taɓa birki, ya kama. Na ce kin gani, ba komai. Na sake taɓawa, ya kama kaɗan. Na uku sai na ji kamar dutse na taka. Na danna da ƙarfina, na ɗaga daga kujera na hau kansa, motar ko a jikinta. Na ɗan juya sitiyari, shi ma ya yi nauyi kamar an ɗaure shi.

Can ƙasa kuwa, daidai kan kwanar, ƙarƙashin wata tsamiya, maza ne zaune reras a kan tabarmi, an zo raɗin suna. Ga rago ɗaure a gefe, ga takalma jere a bakin tabarma. Dangin mijin Rabi ne da mutanen gari, wato surukan Baba. Liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, an sunkuyar da kai ana addu'a. Ba wanda ya ji zuwanmu, don ba abin da za a ji.

Na ce, “Baba, birki ya ƙi.” Inna ta fara salati. Goggo ta kama hannun ƙofa tana ja tana ihu, “Buɗe mini! Wayyo, ta kulle mu!” (Da ƙofar nan ta buɗu, wallahi da Goggo ta yi tsalle, kuma da yau wani labarin ake ba wannan ba.) Baba bai ruɗe ba, wannan na ba shi. Abin da ya sani ya yi. A motarsu in birki ya tafi, giya ake jefa mata ta riƙe kanta. Ya ce, “Sa mata giya!” ya cafke sandar ya ja baya. Ni kuwa abin da nake so shi ne in tayar da inji, kuma motar nan ba ta tashi sai giya tana firi ko tana wurin ajiyewa. Na murɗa makulli, shiru. Na mayar da sandar firi, kafin in kai hannu ga makulli ya sake janye ta. Na sake mayarwa, ya sake ja, ya kuma ɗora hannunsa a kai ya riƙe gam. Tsamiyar tana ta girma a gabana, har na fara gane fuskoki.

Akwai wata murya da nake da ita wadda ba ta gida ba ce, ta ɗakin haihuwa ce. Ita nake fitarwa in kan jariri ya taho mace kuma ta ce ta gaji ba za ta ƙara nishi ba. Ba ta san babba ba, ba ta san matar mai gari ba. Ban kira ta ba, ita ta zo da kanta. Sai dai na ji hannuna ya sauka a bayan hannun Baba, fas, na kuma ji bakina yana cewa (Allah ya yafe mini, ga shi yau har rubuta shi zan yi):

“Kai Sule! Ɗauke hannunka, za ka kashe mu!”

Ya ɗauke. Ina jin mamaki ne ya ɗauke masa shi. Na tura firi, na murɗa, inji ya tashi, na taka birki da duk abin da Allah ya ba ni. Ya riƙa kakkarwa ƙarƙashin ƙafata, ban ɗaga ba. Motar ba ta ja taya ba, ba ta juya ba, ta tafi a miƙe ta tsaya cak, tayar gaba a kan takalmin liman. Bel ya riƙe Baba, amma bai riƙe hularsa ba. Ta bugi gilas ta faɗa tsakanin ƙafafunsa, ya zauna kai a buɗe, sanƙo yana ƙyalli, gaban surukansa.

Sai a lokacin na gane abin da ya faru. Lokacin da na yi maganar inji a kashe yake, gilasai a sauke, jama'a kuma sun yi tsit suna jiran su shafa. Ba wanda bai ji ba. Rabinsu sun watse, farantin dabino ya kife, wani dattijo yana rungume da tsamiya. Sauran suna zaune hannu a sama, sun kasa shafawa sun kasa saukewa. Ragon kaɗai ya ci gaba da tuƙa. Can wani tsoho, sa'an Baba, ya gyara murya ya ce cikin natsuwa, “Sannu da zuwa, Sule.” Wani ya yi tari, irin tarin da ake yi in ana danne dariya.

Baba ya ɗauki hularsa ya sa. Ya zo fita, bel ya hana shi, ya lalubi wurin cirewa bai samu ba. Ya ja, ya sake ja. Dole ni na miƙa ɗan yatsa na danna masa, kaina a ƙasa. Bai dube ni ba, ya dai buɗe tafin hannunsa, wanda na doka, ya ajiye a tsakaninmu. Na kashe motar na zare makulli na sa masa. Da ƙasa za ta tsage da na shige, amma ko zama a motar ban samu ba, don sai da na fito gaban mazan nan duka na zagaya na buɗe wa Inna da Goggo ƙofa ta waje. Goggo ta fito tana gyara ɗankwali tana cewa da ƙarfi, “Yau na ga abin da ya fi ƙarfina. Da sunansa! Ni da muke ciki ɗaya ban taɓa kama shi ba!”

Kafin in kai ɗakin Rabi labarin ya riga ni. Na shige bayan ƙofa na karɓi jariri na riƙe, don in samu inda zan sa idona. Mata suka riƙa shigowa ganin jariri, su dube shi sau ɗaya su dube ni sau uku. Wata tsohuwa ba ta ma yi wahalar duban jaririn ba, ta sunkuyo ta ce, “Ke ce?” Na ce ni ce. Ta ce, “Ikon Allah,” ta fita. Rabi kuwa dariya take tana riƙe ciki tana roƙona in daina kallonta, wai jikinta ɗanye ne. Ni ba dariya a wurina. Kunya ta kama ni har na ji zazzaɓi, ko tuwon sunan ban iya kaiwa baki ba. Da maigidana ya iso ya aiko a kira ni zaure, ya ce, “Da sunansa? Da bakinki?” Na ce, “Har da hannu.” Ya zauna a ƙasa.

Da yamma wani direba daga dangin mijin Rabi ya mayar da mu. Na zauna a baya tsakanin Inna da Goggo, a motata. Makullin ya koma aljihun Baba.

Kwana takwas makullin yana can. Na koma bakin hanya da buhuna da babur. Sau biyu na makara, shugaba ta dubi agogo ta dube ni, kallon da ya fi magana ciwo. Na roƙi Inna ta ba shi haƙuri, ta ce in bari ya huce. In na durƙusa gaisuwa sai ya amsa kamar kullum, ba ƙari ba ragi. Na riga na sallama. Har na fara tunanin ko ɗinki zan koya, ko in riƙa karɓar haihuwa a gida in an kira ni. Abin da ke cina dare da rana shi ne sunan nan da dukan nan, ina ta juya yadda zan wanke su.

Rana ta tara bayan la'asar Inna ta ce Baba yana kirana. Yana zaune kan buzu a zaure, Inna ta zauna gefe. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, “Na shiga Bagwai ranar kasuwa, na tambayi wani bakanike. Ya ce irin waɗannan in aka kashe inji birki mutuwa yake. Haka ne?”

Na ce, “Haka ne, Baba.”

“Kin san haka tun muna saman tudu?”

Na so in yi ƙarya, kuma da na yi da ta wuce. Na ce, “Na sani, Baba.”

“Kika kashe.”

“Nauyinka na ji.”

Ya ajiye carbin. Ya ce, “Dukan hannu na yafe, ni ma na doki yaran mota a kan abin da bai kai wannan ba. Sunan kuwa nawa ne, ubana ya raɗa mini, ba ki ƙara masa komai ba. Amma kin ɗauko ni da matata da ƙanwata, ga mutane zaune a ƙasa, kin san abin da zai faru, kika ce mini to. Wannan shi ne na kwana takwas ban san yadda zan yi da shi ba.”

Nan ne na yi kuka, wanda ko a Kwarin Marke ban yi ba. Ashe duk kwanakin nan kunyar abin da ba shi ba nake ji. Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya zaro makullin ya turo shi kan tabarma har gabana, ya ce, “Gobe mata suna jiranki. Tashi.”

Aikina dai bai tafi ba, ina cikinsa har yau. Baba ya sake shiga motar sau da yawa, amma a baya yake zama, kuma bai ƙara ce mini ga yadda ake yi ba. Goggo Hansai, wadda ta rantse ba ita ba motata, ita ta fi kowa neman a rage mata hanya, kuma ita ta raɗa wa motar suna. Da an hango ni daga nesa sai ka ji mata suna cewa ga Kai Sule nan ta dawo. Duk garin haka suke kiranta, har bakaniken da ke duba mini ita. Ni kaɗai ce ba ni da bakin kiran motata da sunanta.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma na saya da tsada. In dai a'a ce ta zo miki baki, ki fitar da ita tun tana 'yar ƙarama, a hankali, da ladabi, tsakaninki da mutum. In kika haɗiye ta ba fasa fitowa za ta yi ba. Jira za ta yi sai jama'a sun taru an yi tsit, sannan ta fito da sunan surukinki.